Bushin: 'yar robar da ke riƙe da ƙafar jif

Duk wanda ya taɓa fitowa da jif daga Oyigbo da sassafe ya nufi cikin Fatakwal, bayan an kwana ana tafka ruwa, ya san ƙarar nan. Taya ta faɗa ramin da ruwa ya rufe, sai ka ji "gwaf" daga ƙasa, daidai ƙafar direba ko ta mai zaman banza. Ka zo Eleme Junction ka taka birki a gosulo, ta sake cewa "gwaf". Ka kai wa bakanike, tun kafin ya durƙusa zai ce maka, "Alhaji, ai ƙafa ce." Bai yi ƙarya ba. Sai dai ƙafar mota gari guda ce. Akwai shokazoba, akwai sifirin, akwai hannuwan ƙarfe na sama da na ƙasa da kanikawa ke kira ofa-am da lowa-am, ga bol-join, ga tayirod, ga linkeji. Duk inda ɗaya daga cikin hannuwan nan ya haɗu da jikin mota, akwai wata 'yar roba da aka cusa a tsakani. Ita ake kira bushin, kuma sau da yawa kukan nata ne.

A cikin kayan ƙafa kusan babu abin da ya kai shi araha, kuma babu wanda aka fi ɓata wa aiki. Mutum zai canza bushin a watan Rajab, kafin Babbar Sallah ƙara ta dawo, ya ce jabu aka sayar masa. Wani lokacin jabun ne kuwa. Amma a ganina, bushin ɗin da hannun mai sakawa ya kashe bai gaza wanda ɗan kasuwa ya yi ha'inci a kansa yawa ba. Shi ya sa ya kamata mai mota ya san abin da ake yi a ƙarƙashin motarsa, ko da bai taɓa riƙe sifana ba.

Ka ɗauki sabon bushin a hannu ka duba. Bututun ƙarfe biyu ne, ƙarami a cikin babba, an cike tsakaninsu da baƙar roba mai tauri, an dafa ta a masana'anta har ta manne wa ƙarfen ciki da na waje. Babban bututun shi ake matsawa cikin ramin lowa-am ya zauna daram. Ƙaramin kuma dogon noti ne ke ratsa shi ya ɗaure shi tam da shasin mota. Ke nan idan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, hannun ƙarfen ya yi sama ya yi ƙasa, babu abin da ke juyawa a cikin bushin irin juyawar ƙyauren ƙofa. Robar ce ke murɗewa ta sake dawowa. Ka riƙe wannan da kyau, domin rabin bayanin da ke tafe a kansa ya rataya.

Mahautan Gariki da ke Awkunanaw a Inugu ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Sun san guringuntsin da ke gwiwar saniya, wanda ke hana ƙashi gugar ƙashi. To aikin bushin na farko ke nan, ya shanye jijjiga da bugun hanya kafin su iso kujera. Na biyun shi mutane ke mantawa, alhali ya fi muhimmanci: shi ke riƙe taya a mazauninta. Kowace taya an saita ta ne ta fuskanci gaba daidai, kuma karkacewar da ba ta wuce kaurin tsinken ashana biyu ko uku ba ta isa ta sa taya ta riƙa cin gefe guda. Idan robar ta yage, taya ta sami sarari. Ka taka birki ta ja baya, ka taka totur ta yi gaba, ka sha kwana ta kauce. Saitin da aka yi mata a shagon alaimen ya tashi a banza tun kafin ka fita daga layin.

Mu dai duk mota mai tudu jif muke ce mata, amma iri biyu ce, kuma ƙafarsu ba ɗaya ba. Akwai masu shasi daban, bodi daban, irin ginin babbar mota: Land Cruiser, Prado, 4Runner, Lexus GX. Yawancin waɗannan a gaba suna da hannu biyu kowane gefe, na sama da na ƙasa, a baya kuma doguwar akzil guda ce da sandunan ƙarfe ke riƙe da ita, kowace sanda da bushin a bakinta biyu. Sai kuma irin su Highlander, RAV4, Lexus RX, Honda CR-V da Pilot, waɗanda a gaskiya ƙananan motoci ne aka ɗaga. Highlander ta farko a kan tsarin Camry aka gina ta. Yawancinsu a gaba hannu ɗaya ne kowane gefe, na ƙasa, shokazoba ce ke riƙe da sama. Amfanin sanin wannan shi ne kada a lissafa maka kuɗin ofa-am na gaba a motar da ba ta da shi.

Me ya sa ba ya daɗewa a Kurmi

Hausawa sun daɗe a garuruwan Kurmi. Malam Umaru Altine, bafataken shanu daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A zamaninsu dabba a ƙafa take zuwa ko a jirgin ƙasa. Yau jikokin fataken nan, dillalan shanu da 'yan gwari na Fruit Garden a Fatakwal, 'yan canji na Owerri Road a Asata, masu kaya a Bridge Head da Bida Road a Anacha, duk wanda Allah ya buɗa wa jif yake nema, kuma ba don ado kaɗai ba. Hanya ce ta sa.

Shekara da shekaru, ɓangaren Eleme zuwa Onne na titin East-West, da hanyar Aba zuwa Fatakwal, da titin Inugu zuwa Anacha ta Ugwu Onyeama, sun yi suna wajen cin ƙafar mota. An gyara wasu wurare, wasu ana kai. Amma ko babban titi ya yi kyau, layukan cikin unguwa suna nan. Ga ruwa. Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, Kano kuwa a yawancin shekaru ba ta kai 1,000. Ruwan ba ya narkar da roba, amma yana ɓarna ta hanya biyu. Yana ɓoye rami, direba ya afka da gudunsa. Sannan laka da yashi su shiga duk wata 'yar tsaga, tsatsa ta kama bututun ƙarfen, ta riƙa ɓamɓare robar daga jikinsa a hankali.

Sai nauyi. Prado ba kowa a ciki ta haura tan 2, Corolla kuwa ba ta kai tan ɗaya da rabi ba. Ka ƙara mutum bakwai, da buhun shinkafa, da jarkokin manja na tsaraba, duk a kan robobin da ba su fi dunƙulen hannu ba.

Akwai kuma ɓarnar da muke yi da hannunmu, mu biya kuɗi a kai. A wasu wuraren wankin mota, bayan an wanke ƙasa sai a fesa mata tsohon baƙin mai ko gas, wai don ƙafa ta yi laushi, ƙara ta ɗauke. Ƙarar takan ɗauke na kwana biyu. Amma duk wani mai da aka samo daga fetur abokin gabar irin wannan robar ne, yana sa ta kumbura ta yi taɓo-taɓo, ta rasa ƙarfinta. Haka man inji ko man sitiyari da ke ɗiga daga sama. In ka ga bushin na gefe guda ya jiƙe da mai ya mutu, ɗan'uwansa na can gefen yana nan lafiya, to a fara toshe yoyon, in ba haka ba sabon ma hanyar da zai bi ke nan. Mai faci shi ma yana da nasa kason. Da yawa suna ɗura wa taya iska har ta yi kamar dutse, alhali awon da kamfani ya ce yana nan rubuce a jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma a yawancin jif-jif bai wuce 30 da 'yan kai ba. Taya mai iska fiye da kima ba ta shanye komai, duk bugun da ta samu ƙafa take miƙa wa.

Yadda za ka gane shi ne

Kunne ne ke fara ba da labari, amma kunne kan yi kuskure. Ƙaramar ƙara mai yawa, "kwaras-kwaras", da ake ji in ana tafiya a hankali a kan gargada, galibi linkeji ne, wato 'yar sandar da ta haɗa sitabilaiza da ƙafa. Ƙara mai nauyi daga tsakiya, ko kukan "ƙiii" in an hau tudun rage gudu, sau da yawa robobin da ke riƙe da sitabilaizar ne. Waɗannan biyun su ne mafi sauƙin aiki da araha a duk ƙafa, kuma abin takaici ne a sa mutum ya sayi shokazoba biyu a kansu. Bushin na lowa-am kuwa ƙararsa guda ce mai ƙarfi, daidai lokacin da aka taka birki, ko aka tashi, ko aka sa giyar baya. Sitiyari ya riƙa yawo, kana tafiya a miƙaƙƙen titi kana ta gyara hannu. Wani lokaci in ka taka birki da gudu sai motar ta fizga gefe ko sitiyarin ya yi rawa, a ce faifan birki ne, a kai a goge shi, matsala tana nan. Ka kuma shafa cikin tayoyin gaba da tafin hannu. In gefen ciki ya cinye ya bar na waje da zanensa, akwai magana.

Ga gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki. A fili mai kwalta, wani ya tuƙa motar a hankali, tafiyar ƙafa, kai kana tsaye a gefe nesa kaɗan kana kallon tayar gaba. Ya taka birki da ƙarfi. In ka ga tayar ta zabura baya a cikin mazauninta sannan ta dawo, bushin ya tafi.

A gareji kuma, a ɗaga motar, bakanike ya sa dogon ƙarfe ya ɗan banƙara hannun kusa da bushin, kai kana haskawa da tocila. Ɗan motsi mai tauri da ke dawowa nan take ba laifi ba ne, aikin robar ke nan. 'Yan tsage-tsage ƙanana a fuskarta ma ba dalilin canji ba ne, duk robar da ta kwana biyu tana da su. Abin nema shi ne tsaga mai zurfi da ke buɗe baki in an banƙara, ko roba ta rabu da ƙarfe, ko bututun ciki ya bar tsakiya ya jingina gefe. Wasu motoci, irin su BMW X5 da Range Rover, akwai ruwa a cikin wasu bushin nasu, in ka ga ya tsiyaye ya bar baƙin tabo, ya gama aiki.

Tunda motar na sama, kada a sauke ta sai an duba bol-join da tayirod. A kama taya dama da hagu a girgiza, sannan sama da ƙasa. Wannan ba abin wasa ba ne. Mataccen bushin zai yi ta damunka wata da watanni, yana cin taya, yana gajiyar da sauran kaya. Bol-join kuwa in ya fita, taya kwanciya take yi nan take, kuma ba ta tambayar gudun da kake yi. Duk wanda ke bin titin Inugu zuwa Anacha ya sha ganin mota a gefen hanya, ta durƙusa da gaba, taya guda ta shige ciki.

Kasuwa

Ta fuskar kaya, mazaunin waɗannan garuruwa ya fi na Kano gata, domin yana zaune ne a bakin rijiya. A Fatakwal akwai Ikoku a Diobu. A Inugu akwai Coal Camp. A Anacha kuwa abin ya wuce misali: kasuwar sababbin kayan mota ta Nkpor, ga Mgbuka Obosi inda ake feɗe motoci kamar shanu a sayar gaɓa-gaɓa, ga Nnewi ba nisa. Babu abin da za ka nema ka rasa. Matsalar ita ce kowane abu yana da kala uku ko huɗu a kwali iri ɗaya.

Kafin ka fita, ka rubuta lambar shasin motarka, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ko a takardun mota. Faɗin "Highlander 2008" kawai bai isa ba, domin shekarar da ke takarda ba kullum take daidai da shekarar ƙira ba, musamman motar da aka canza wa fuska. In da hali a tafi da tsohon a gwada. Cinikin da buroka za a yi shi, kuma tambaya guda ce ke raba gardama: ka ce a fito maka da duka kalolin a jera, kowanne da kuɗinsa. Ɗan kasuwar da ya ga ka san akwai kala-kala ba zai miƙo maka na ƙasa a kuɗin na sama ba.

Na kamfanin motar shi ne gaba, in an sami na gaskiya, kuma shi ya fi tsada. Bayansa akwai kamfanonin da suka yi suna a kayan ƙafa, irin su RBI na Tailan a robobi, 555 na Japan da CTR na Koriya a bol-join da tayirod, Lemförder da Febi a motocin Jamus. Sai dai duk sunan da ya karɓu ana buga jabunsa, don haka kwali ba shaida ba ne. Ka duba aikin kansa. Robar kirki baƙa ce sumul, ba kumfa, ba ɓurɓushi a bakin da ta haɗu da ƙarfe, in ka danna farce ba ya shiga. In kuɗin da aka faɗa maka ya yi kashi ɗaya cikin huɗu na wanda maƙwabcinsa ya faɗa, ka san abin da ka saya, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai Beljiyam, wato tsohon kayan da aka ciro daga motocin waje, wanda mutanenmu suka ba amana fiye da kima. A ƙarfe amanar tana da dalili, domin hannun da aka ciro daga motar waje na asali ne. Amma roba tsufa take yi ko ana amfani da ita ko ba a yi. Lowa-am da aka ciro daga motar 2006 robarsa ta 2006 ce, ta sha sanyin Kanada da gishirin da suke zubawa a titi, ta zo ta kwanta a rana a Obosi. An wanke ta, an shafa mata mai tana ƙyalli. In za ka saya, ka sa a zura ƙarfe a bututun ciki a banƙara a gabanka, ka ga ko za ta buɗe baki. Dabarar da ta fi, in naka hannun ya lanƙwashe, ita ce ka sayi na Beljiyam don ƙarfensa, a matsa masa sabon bushin mai kyau.

Akwai kuma bushin na yanka, wanda ake sassaƙawa daga tsohuwar tayar babbar mota. Abin da ban tausayi, a Fatakwal ɗin nan kamfanin Michelin ya yi shekaru yana ƙera taya kafin ya rufe masana'antar a 2007, Dunlop na Legas ya bi sahu a shekarar da ta biyo. Yau abin da ya rage mana shi ne gwanintar yanka tsohuwa, kuma masu yin ta gwanaye ne, ba zan raina su ba. A robar sitabilaiza, ko ta kan shokazoba, ko sifirin ɗin tsohuwar a-kori-kura, na yanka yana fitar da mutum kunya, musamman in hanya ta ritsa da shi. Amma a lowa-am na jif ban yarda da shi ba. Ba a dafa shi ya manne wa ƙarfe ba, cusa shi aka yi, don haka maimakon ya murɗe sai ya riƙa goga, ramin ya yi ta faɗi. Masu yabonsa cewa suke yana da ƙarfi. Ƙarfin nan kuwa bol-join da sitiyari ne ke biyan kuɗinsa. Akwai wasu masu launin ja ko rawaya da ake kawowa daga waje, na roba mai kama da filastik, waɗanda mai ba ya ci. Suna daɗewa, amma suna sa mota tauri, kuma in ba a shafa musu irin nasu man ba sai su yi ta kuka.

Bushin kaɗai za a canza ko hannun gaba ɗaya? In hannun na asali ne, bai lanƙwashe ba, raminsa bai faɗaɗa ba, bushin kaɗai ya isa. In bol-join ɗin da ke jikinsa shi ma ya yi sanyi, ko babu injin matsawa a kusa, sabon hannu mai kyau ya fi sauƙi. Ko wanne aka zaɓa, a yi dama da hagu tare. Sabo a gefe guda, tsoho a gefe guda, mota ba za ta tsaya daidai a birki ba.

Ranar aiki

Ka ware wa aikin yini guda, ka zauna. Ba rashin yarda ba ne, ido ne.

Farko, kada kowa ya shiga ƙarƙashin jif da ke kan jak kaɗai. A sa mata ƙafafun ƙarfe, ko a yi aikin a rami. Yaran gareji su ake turawa ƙasa, kuma 'ya'yan wasu ne.

A Prado da 4Runner da Hilux, notin da ke ratsa bushin na lowa-am yana da wani faifai mai zane a kansa, da shi ake saita taya. A sa alama a inda yake kafin a kwance. Notin nan ya shahara da kafewa a cikin bututun saboda tsatsa, musamman a motar da ta zo daga ƙasar sanyi ko ta daɗe tana shiga ruwa, har sai an yanka shi. Gara ka tanadi sababbi tun kafin a fara, kada motarka ta kwana a sama ana neman noti. A Highlander da RX kuwa, sai an kwance kujerar inji an ɗan ɗaga shi kafin lowa-am ya fita, don haka in bakanike ya ce aikin ya fi na wata mota kuɗi, da gaskiyarsa. Wasu Prado da GX suna da wani tsari da ake kira KDSS, inda sitabilaiza ke haɗe da bututun mai mai matsi. In taka irin wannan ce, ka nemi wanda ya taɓa yi, domin wanda bai sani ba zai iya jin ciwo, ko ya bar maka mota a karkace.

Sai cire tsohon. Hanyar da ta dace ita ce injin matsawa, wanda ke tura tsohon ya fita ya tura sabon ya shiga, a miƙe, ba duka. A Ikoku da Coal Camp da Nkpor akwai masu wannan injin, aikinsu ke nan, bakanike ya kai musu hannun ya biya su. Hanyar da aka fi gani a bakin titi kuwa ita ce a cinna wa robar wuta ta ƙone, a fasa bututun da kurfi, a buga sabon da guduma. Wutar da ta sa ƙarfe ya yi ja tana rage masa ƙarfi, in hannun na alminiyam ne kuma abin ya fi muni. Guduma tana lauya bakin sabon bututun, ta shigar da shi a karkace, ta fara raba roba da ƙarfe tun bai ga titi ba. Mafi muni shi ne in rami ya yi wa bushin yawa a ce bari a ɗan ɗiga masa walda ya tsaya. Zafin waldar dafa robar yake yi daga ciki. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ramin da ya faɗaɗa sabon hannu yake nema.

Ka lura kuma, wasu bushin suna da huda ko ɗan gibi a cikin robar, da kibiya a jiki. Ba ado ba ne, an yi su ne su yi laushi ta wata fuska, su yi tauri ta wata. A dubi yadda tsohon ya zauna kafin a cire, a sa sabon haka. Robar da ba ta son shiga, ruwan sabulu ake shafa mata, ba giris ba.

Yanzu ga inda yawancin aiki ke lalacewa, kuma ba a ganinsa da ido in an gama. Mota na sama, taya na reto, hannun ƙarfen ya sauka can ƙasa. Bakanike ya zura noti, ya sa dogon bututu a sifana ya ɗaure iya ƙarfinsa, sannan ya sauke mota. Ka tuna, bututun ciki ba ya juyawa. Da nauyin mota ya sauka, hannun ya tashi zuwa mazauninsa, robar ta murɗe, kuma a murɗe za ta zauna dare da rana, ko motar na ajiye a ƙofar masallaci. Duk ramin da aka faɗa ƙarin murɗa ne a kan wadda take ciki. Haka bushin na asali mai tsada ke yagewa cikin 'yan watanni, a ɗora wa mutumin Nkpor laifi.

Yadda ake yi shi ne a zura notin a ɗaure shi sama-sama, a mayar da taya, a sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, a ɗan danna ta sau biyu ko uku ta zauna, sannan a shiga rami a yi ɗaurin ƙarshe. In babu rami, a sa jak a ƙarƙashin hannun a ɗaga har ya ɗauki nauyin motar, sannan a ɗaure. Wannan ya shafi duk bushin da notinsa ya ratsa a kwance, gaba da baya, har da na ƙasan shokazoba. Ba ya cin ko kwabo, minti goma ne. Ba sai ka koya wa mutum sana'arsa a gaban yaransa ba. Ka ja shi gefe tun da farko ka ce, "Oga, don Allah notin ƙafar nan a bar shi sai an sauke ta a ɗaure." Wanda ya san aiki zai ce maka ai haka yake yi. In akwai sifana mai awo, wadda ke ƙara in ɗauri ya kai, ta fi ƙarfin damtse.

Daga gareji sai shagon alaimen, a ranar, ba gobe ba, kuma na na'ura, ba na zare da ido ba. In mai alaimen ya ce taya ta ƙi zuwa saiti, kada a tilasta, akwai abin da ya lanƙwashe ko aka sa ba daidai ba. Tayar da ta riga ta ci gefe ba za ta warke ba, za ta ci gaba da gurnani ko an gyara komai.

Kada a yi wannan aiki ana jibi tafiya. Daga Fatakwal zuwa Kano, ta Aba da Okigwe da Inugu, a bi 9th Mile da Obollo-Afor da Otukpo a haye Binuwai a Makurɗi, tafiya ce ta sama da kilomita 1,000. Na Anacha kuma su haye Kwara zuwa Asaba, su bi Auchi da Okene da Lakwaja. Mai niyyar zuwa gida Sallah ya yi gyaransa saura mako biyu, ya yi yawon gari da motar, ya koma a sake bin notukan da sifana, a leƙa ko robar ta zauna a tsakiya. Tsohon hannun da aka cire kuma, in na asali ne kuma bai lanƙwashe ba, kada ka bar shi a gareji. Ka sa a matsa masa sabon bushin, a naɗe a buhu, ka jefa a but.